Yadda malamin laburare zai riƙa jin labarin bita da kwasa-kwasai kan koyar da tantance bayanai ba sai ya jira oga ba

Duk wanda aka taɓa damƙa wa kwas ɗin nan na amfani da laburare, wanda wasu makarantun ke sa wa lambar GST wasu GNS wasu kuma GSP, ya san yadda abin yake. 'Yan aji ɗaya sun cika zaure maƙil har wasu na zaune a kan taga, makirfo ya ƙi yi, kai kuma kana riƙe da handawut ɗin da ka gada wurin wanda shi ma gada ya yi, kana ta bayanin katin katalog da bambancin tsarin Dewey da na Library of Congress, alhali yaran nan duk wanda ka leƙa wayarsa ko dai TikTok ne a buɗe ko ChatGPT. Ba wai Dewey ya daina amfani ba ne, a'a, har gobe da shi ake jera littattafai a wurare da yawa. Amma abin da ake nema wurinmu yanzu ya wuce nan, so ake yaro ya gane yana buƙatar bayani, ya san inda zai nemo shi, ya iya raba na gaske da na bogi, sannan ya yi amfani da shi ba tare da ya kwafe aikin wani ya ce nasa ne ba. Yawancinmu kuma a makaranta an koya mana katalogin da kilasifikeshin, ba a koya mana tsayuwa gaban aji ba. To wannan giɓin kai za ka cike shi da kanka, kuma hanyoyin suna nan, da yawansu ma kyauta ne, matsalar kawai labarin ba ya iso mana sai an rufe.

Fara da gyara gidanka

Kafin ka fara neman komai, ka buɗe imel guda ɗaya mai sunanka na gaskiya wanda za ka riƙa dubawa kullum, ba wanda ɗan kafe ya buɗe maka lokacin bautar ƙasa ka manta fasuwod ɗinsa ba. In makarantarku tana ba da imel na ma'aikata mai ƙarewa da edu.ng ka je sashen ICT ka karɓi naka, don akwai wuraren da ke fi yarda da mutum in sun ga irin wannan adireshin. Sai ka buɗe ORCID, kyauta ne, minti kaɗan ne, lamba ce da za ta riƙa binka a duk abin da ka wallafa, kuma ga mu masu suna iri ɗaya, Musa Ibrahim nawa ne a jami'a ɗaya, tana raba gardama.

Sai rajista. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa, NLA, tun 1962 take, tana da rassa a jihohi kuma tana da sassa na fanni-fanni, tana yin babban taro sau ɗaya a shekara ana zagayawa da shi gari-gari. Hukumar LRCN kuma ita ce doka ta kafa a 1995 don yi wa ƙwararrun ma'aikatan laburare rajista, ita ke ba da CLN ɗin da kake gani a bayan sunayen mutane, kuma tana shirya bita lokaci-lokaci. Na san wani zai ce me ƙungiya ta taɓa tsinana mini, kuɗi kawai suke karɓa. To amma ka lura, fom ɗin neman tallafi da yawa suna tambayar wace ƙungiyar sana'a kake ciki, wasu har wasiƙar shaida suke so daga ƙungiyar ƙasarka, ranar da ka buƙaci wasiƙar nan ba ranar za ka fara neman lambar sakataren reshe ba. Kuma mafi yawan labaran cikin gida ta guruf ɗin WhatsApp na reshen jiha suke fara fitowa, duk da dai sai ka yi haƙuri da gaisuwar Juma'a da tallan atamfa kafin ka tsinci abin da ka zo nema.

Abu na ƙarshe a nan, ka buɗe folda ɗaya a waya da kuma Google Drive, ka zuba CV ɗinka wanda bai wuce shafi biyu ba, da hoton fasfo, da shafin farko na fasfo ɗin tafiya in kana da shi, da takaitaccen tarihinka na layi biyar zuwa shida da Turanci, da takardar kama aiki, da wani sakin layi da ke bayanin me kake koyarwa, su wa kake koya wa, kuma mece ce babbar matsalar ɗalibanka. Wannan na ƙarshen shi ne kusan kowane fom ke tambaya da kalmomi daban-daban. Mutane da yawa ba rashin cancanta ke hana su ba, sanarwa ce ke zuwa saura kwana uku a rufe, ga ba wuta ga netwok na wasa, sai a ce bari sai wata shekara.

Inda labarin yake

A Afirka wurin farko da zan ce ka sa wa ido shi ne AfLIA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar laburarorin Afirka mai hedikwata a Accra ta Ghana. Suna yin webina a kai a kai, suna yin kwasa-kwasai ta intanet, kuma su ne suka yi kwas ɗin nan na koya wa ma'aikatan laburare aiki da Wikipedia tare da gidauniyar Wikimedia. Daɗin nasu shi ne masu magana mutanenmu ne, in mutum ya ce babu wuta a laburarensa ba wanda zai yi mamaki. Sai IFLA, uwar ƙungiyoyin duniya mai hedikwata a Hague ta ƙasar Holan, wadda tun kafuwarta a 1927 take wannan harka, tana da sashe guda sukutum na ilimin tantance bayanai, ka yi rajistar wasiƙar labaransu ka bi shafin sashen. Babban taronsu galibi a watan Agusta ake yi kuma akan sanar da tallafin halarta watanni kafin lokacin, saboda haka tun farkon shekara ake fara leƙe.

A Ingila akwai rukunin masu wannan fanni a ƙarƙashin CILIP, ƙungiyar ma'aikatan laburare ta can, su ke shirya taron LILAC duk shekara kuma su ke fitar da mujallar Journal of Information Literacy wadda kowa zai iya karantawa kyauta. A Amurka akwai ACRL, ƙungiyar laburarorin manyan makarantu, da taron LOEX da mujallar Communications in Information Literacy, ita ma kyauta. A Turai akwai taron ECIL da aka fara a Istanbul a 2013. Ba cewa nake ka fara neman biza ba, gaskiya zuwa waɗannan wuraren da kuɗin aljihu a wannan canjin dala sai wane da wane. Amfaninsu gare ka shi ne bayan an gama taro sukan zuba silaid da taƙaitattun maƙalu a shafinsu, in ka zauna ka karanta kanun maƙalun shekara ɗaya kawai za ka gane inda hankalin masu sana'ar ya karkata.

Kuma ka sa na'ura ta yi maka aikin sintiri. Ka shiga Google Alerts ka rubuta "information literacy" tare da kalma irin su webinar ko "call for papers" ko grant, ka zaɓi a riƙa turo maka sau ɗaya a mako don kar akwatinka ya cika. Ka yi irin haka a Google Scholar, ka haɗa da Nigeria ko Africa, duk sabuwar maƙala da ta fito za ta same ka har gida. Sai ka ware rana ɗaya, misali safiyar Litinin kafin ɗalibai su cika wuri, rabin awa ya isa ka duba. In ka ce kullum za ka bi komai, sati biyu za ka gaji ka watsar.

'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da ke aiki da Faransanci, ku akwai makarantar EBAD ta jami'ar Cheikh Anta Diop a Dakar wadda ta daɗe tana horar da ma'aikatan laburare da na adana takardu har da karatu daga nesa, kuma ita ma IFLA da UNESCO suna fitar da abubuwa da yawa da Faransanci da Larabci, ba dole sai Turanci ba.

Akwai ranakun da ya kamata su zauna a kalandarka don a kusa da su ne ake yawan sakin webina da ƙananan tallafi. Kamfen ɗin 1Lib1Ref, wato kowane ma'aikacin laburare ya ƙara madogara ɗaya a Wikipedia, ana yin sa daga 15 ga Janairu zuwa 5 ga Fabrairu, a sake daga 15 ga Mayu zuwa 5 ga Yuni. Ranar 2 ga Afrilu ta binciken gaskiyar labari ce, 23 ga Afrilu ta littafi da haƙƙin mallaka, 28 ga Satumba ta 'yancin samun bayanai. Oktoba kuwa shi ne watanmu, a cikinsa ake makon buɗaɗɗen ilimi na Open Access, sannan daga 24 zuwa 31 ga wata makon UNESCO na duniya kan ilimin kafafen yaɗa labarai da tantance bayanai. Kuma kar wani ya ɗauka abin na Turawa ne can, a Abuja aka ƙaddamar da ƙawancen duniya na UNESCO kan wannan fanni a 2013, kuma Abujar ce ta karɓi baƙuncin babban taron makon a 2022.

Kwasa-kwasan da ba sa cin ko sisi sai data

Shafin WebJunction na OCLC, wata ƙungiyar haɗin gwiwar laburarori, yana da tarin kwasa-kwasai da webina da aka naɗa, ka buɗe akawun kawai. Research4Life, wanda ya haɗa Hinari na lafiya da AGORA na noma da OARE na muhalli da ARDI na ƙirƙira da GOALI na shari'a, yana da kwas na intanet kyauta kan yadda ake bincike a rumbunan mujallu da sarrafa madogara, kuma wannan in ka yi shi washegari za ka iya koya wa 'yan digiri na biyu. UNESCO tana da manhajar koyarwa da ta fara fitarwa a 2011 ta sabunta a 2021, ana sauke ta kyauta, tana kuma da kwasa-kwasan intanet a kan haka. Library Carpentry na koyar da aiki da bayanai irin su tsaftace data da manhajar OpenRefine, darussan a buɗe suke. Masu binciken gaskiyar labari irin su Dubawa da Africa Check da FactCheckHub su ma sukan yi horo, yawanci 'yan jarida suke nufi amma ka nema, ka gaya musu kai kana da ɗaruruwan ɗalibai a gabanka duk zango, wannan hujja ce mai ƙarfi.

Sai ka karanta tsarin koyar da tantance bayanai na ACRL da suka amince da shi a 2016, bai da tsawo. Ginshiƙai shida ne, kuma wanda ya fi burge ni shi ne na farko da ke cewa ƙimar mai magana tana danganta da fage da kuma abin da ake tambaya, wato farfesan kimiyyar sinadarai ba hujja ba ne a kan tarihin Gobir, tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana unguwarzoma kuma tana da abin da za a ji daga bakinta a wani fagen. Na Ingila kuma shi ne ginshiƙai bakwai na SCONUL, ƙungiyar laburarorin jami'o'insu, da aka fitar a 1999 aka sabunta a 2011. Ba don ka haddace ka zuba wa yara a jarrabawa ba, don Allah kar ka mayar da su wani sabon handawut, amfaninsu ka auna darasinka da su ka ga me ka bari.

Maganar lokaci tana da muhimmanci don tana sa mutane asara. Webinar da aka ce ƙarfe 2 na rana agogon gabashin Amurka, a nan ƙarfe 7 na yamma ne a lokacin bazararsu, ƙarfe 8 a lokacin sanyinsu, wato daidai tsakanin Magariba da Isha'i ga cefane ga yara. Ingila kuma a bazara agogonmu ɗaya, a hunturu muna gabansu da awa guda. Ko ka san ba za ka samu halarta ba ka yi rajista, yawancinsu sukan turo bidiyon da silaid daga baya, sai ka sauke da datar dare ko da wayfay ɗin ofis. In ma kuna da furojekta a sashen e-laburare ku haɗu ku biyar ku shida ku kalla tare, a tsaya a yi musu a kai, wallahi ya fi amfani a kan mutum ɗaya da iyafis yana gyangyaɗi.

Shawarata kwas ɗaya a lokaci ɗaya. Akwai masu rajistar kwas bakwai a wata guda ba su gama ko ɗaya ba, akwai kuma masu tara satifiket kamar me, an kunna Zoom an ajiye waya a aljihu an tafi kasuwa, a ƙarshe a cike fom a karɓi takarda. Takardar za ta shiga fayil, ba musu, amma ranar da aka ce tashi ka nuna wa malamai yadda ake amfani da Zotero, manhajar tsara madogara, ranar ake gane wanda ya saurara.

Kuɗin zuwa taro

In kana jami'a ko kwalejin ilimi ko foliteknik ta gwamnati, TETFund na da kason halartar taruka da na ƙaro karatu da na bincike a matakin makaranta, kuma duk ta hannun makarantarku ake bi, ba kai tsaye ba. Kowace makaranta tana da jami'in da ke kula da teburin TETFund, ka san shi ka san ofishinsa, ka tambaye shi ƙa'idojin bana don sukan canza, musamman abin da ya shafi fita waje. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da ya fi ƙarfafa takardarka shi ne a ce an karɓi maƙalarka a taron, saboda haka aikin yana farawa ne tun ranar da aka fitar da kiran maƙalu, ba ranar da aka fara rabon fom ba. Ka kuma sanar da shugaban laburarenku tun da wuri a rubuce, kar ya fara jin labari a bakin wani, wannan kaɗai ya isa ya sa takarda ta kwana a tire.

Wanda ke laburaren jiha ko na sakandare ko makaranta mai zaman kanta ba shi da wannan ƙofar, to shi sai ya fi mai da hankali kan tallafin ƙungiyoyi da ƙananan tallafin Wikimedia da kuma tarukan da ake yi ta intanet. Akwai kuma cibiyar Mortenson ta jami'ar Illinois a Amurka mai shirin horar da ma'aikatan laburare daga ƙasashe daban-daban, wadda a shekarun baya ta yi aiki da laburarorin ABU Zariya da BUK da Jos da wasu jami'o'in ƙasar nan da tallafin gidauniyoyin MacArthur da Carnegie, shirin nasu ana biya ne, sai dai in ka samu mai ɗaukar nauyi.

In za ka cike fom ɗin tallafi, ka guji dogon surutun nan na ina son in ƙaru da ilimi in bauta wa ƙasata, kowa haka yake rubutawa. Ka faɗi ajin da kake koyarwa, yawan ɗaliban kamar yadda yake a rajista, matsala guda ɗaya takamaimai, da abin da za ka yi cikin wata uku bayan ka dawo. Kar ka ƙara gishiri a lamba, masu tantancewa sun ga irinsu da yawa.

Ka tantance tallar bitar ita kanta

Abin kunya ne mai koyar da tantance bayanai a damfare shi da taron bogi, amma yana faruwa. Za ka ga imel ya shigo ana kiranka babban farfesa alhali kai ƙaramin ma'aikaci ne, ana gayyatarka taro a Dubai ko Landan, taron kuma ya haɗa likitanci da injiniyanci da laburare da kiwon kifi duk a zaure ɗaya, ka tura taƙaitacciyar maƙala yau gobe a ce an karɓa, sai maganar kuɗin rajista. Ka tsaya ka duba wace ƙungiya ce ke shiryawa, tana da tarihin tarukan baya da za a iya gani, sunayen da suka jera a kwamiti mutanen sun san an sa su kuwa, asusun da za a biya na ƙungiya ne ko na wani mutum. Haka mujallu, wadda ta yi maka alkawarin bugawa cikin sati ɗaya in ka biya, ka bincika ta a DOAJ, jerin buɗaɗɗun mujallun da aka tantance, da AJOL, rumbun mujallun Afirka, ka bi tambayoyin shafin Think Check Submit. Mu da muke jami'a ƙarin girmanmu na tafiya da wallafa kamar sauran malamai, shi ya sa masu mujallun bogi suka san inda za su kama mu, kuma kwamitin ƙarin girma na iya watsar da maƙalar bayan ka kashe kuɗinka. Na cikin gida ma akwai, bitar kwana uku a otal da kuɗi mai kauri, a zo a karanta muku silaid ɗin da aka sauke daga intanet a raba jaka da biro. Kafin ka biya ka tambayi sunan masu koyarwa da jadawalin darasi, ka nemi wanda ya je na bara.

Yadda za ka juye abin da ka koyo a aji

Nan ne aikin yake, kuma nan ne muke da wata dama da Bature mai koyar da wannan darasi ba shi da ita. Yawancin ɗalibanmu sun bi ta Islamiyya, sun san hadisi yana da isnadi, sun san akwai ingantacce akwai mai rauni akwai ƙirƙirarre, sun san malamai sun yi ilimi guda kan binciken halin masu ruwaya, wane mai gaskiya ne amma haddarsa ba ta da ƙarfi, wane bai ma taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga gare shi ba. Sun kuma san ayar nan ta Suratul Hujurati da ta yi umarnin a yi bincike in fasiƙi ya zo da labari. To ka fara daga nan. Ka ɗauko saƙon WhatsApp ɗin da ke yawo a satin, irin mai alamar an tura sau da yawa, ka haska shi a allo ka ce to jama'a ku kawo mini isnadin wannan. Wa ya turo maka, shi wa ya turo masa, a ina sarƙar ta yanke, muryar da ke cewa ni likita ne a wani babban asibiti wane ne shi, wane asibiti. Za ka ga aji ya farka, har na bayan nan masu hira. In ajin ya haɗa da waɗanda ba Musulmi ba, kuma galibi haka ne, sai ka kawo shi a matsayin misalin hanyar bincike ka haɗa da misalin shaida a kotu, kowa ya samu inda zai kama.

Daga nan sai ka kawo na zamani. Akwai hanyar SIFT ta Mike Caulfield mai mataki huɗu, dakata tukuna, binciki majiyar, nemi wani wurin da ya fi inganci da ya kawo labarin, sannan ka bi zancen ko hoton har asalinsa. Tushenta wani bincike ne da Sam Wineburg da Sarah McGrew suka yi a jami'ar Stanford, suka ba malaman tarihi da ɗalibai da ƙwararrun masu binciken labari shafuka iri ɗaya su tantance, sai ƙwararrun suka fi kowa sauri da dacewa, dalili kuwa ba sa tsayawa karanta shafin daga sama har ƙasa suna duba kyan tambari, fita suke su buɗe wani shafin su ga me wasu ke cewa game da masu shafin. Wannan ya sa da yawa suka rage dogaro da tsohon jerin tambayoyin auna ingancin majiya da ake kira CRAAP shi kaɗai, don shafin ƙarya ma yana iya sa kwanan wata da sunan marubuci da adireshi mai kyau. Darussan da suka gina a kan binciken, Civic Online Reasoning, kyauta ne, sai dai misalan na Amurka ne, kai za ka canza su da namu. Kuma muna da su, wankan ruwan gishiri na lokacin Ebola a 2014 da ya tashi mutane da tsakar dare har wasu suka rasa rai saboda shan gishirin, da jita-jitar allurar shan inna da ta sa aka dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohi a 2003 zuwa 2004. Yaran yanzu wasu ba su da wayo lokacin, ka ce su tambayi iyayensu su dawo da labari, shi ma darasi ne na tattara bayani daga baki.

A aikace kuma ka raba su rukuni-rukuni yadda kowane rukuni akwai mai waya da data, ka ba su hoto ɗaya da aka ce na rikicin jiya ne, su sa shi a Google Lens ko TinEye su ga yaushe ya fara bayyana a intanet kuma a wace ƙasa. Minti goma ya isa. Na biyu, ka ce su tambayi ChatGPT ya ba su madogara biyar kan wani abu na gida, misali rini a Ƙofar Mata ko noman rani a Kadawa, sannan su nemi kowace ɗaya a Google Scholar da AJOL da katalog ɗinku. Sau da yawa za su tarar wasu babu su kwata-kwata, ga sunan marubuci ga shekara ga mujalla amma ƙirƙira ce, kuma abin da yaro ya gano da hannunsa ya fi awa guda na wa'azin kar ku yi amfani da AI, wanda dama ba ji za su yi ba. Akwai kuma fostar IFLA ta yadda ake gane labarin ƙarya mai matakai takwas da aka fassara zuwa harsuna da dama, ka buga ka manna a bakin ƙofa, in ka ga dama ku zauna da ɗalibai ku yi taku da Hausa da misalanku.

Sai ka riƙa ajiye shaida. Kafin darasi ka ba su tambayoyi biyar a 'yar takarda ko Google Forms, bayan darasi ka sake ba su, ka adana sakamakon ba tare da sunaye ba, in kuma wallafawa za ka yi ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku tun kafin ka fara. Zango biyu in ka yi haka kana da abin rubuta maƙala wadda ba irin ta rabon kwesshiniya ɗin nan da kowa ke yi kan sanin samuwar kayan laburare ba, kuma ita ce za ka tura taron NLA ko na AfLIA, ita ce kuma za ka nuna wa shugaban wani sashe in kana roƙon ya ba ka awa ɗaya da 'yan ajin ƙarshe kafin su fara furojet. Ka fara da malami ɗaya da kuke shiri, ka tambaye shi taken aikin da ya ba ɗalibansa, ka gina darasin a kan wannan taken kai tsaye, ka kuma roƙe shi ya zauna a ajin har a gama don in ya fita rabin yaran binsa za su yi.